Godiya ga jama'a: an sallamo ƙanena daga asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo ƙanena Auta, wanda harbin igwa ya ji wa rauni a ƙafa a yaƙin Sudan, daga asibitin ƙashi na Igbobi a nan Legas, yanzu haka yana gida Agege. Ƙafar ta tsira, ba a yanke ba. Likita ya ce ɗingishi ba zai rasa ba, amma zai taka. Matarsa da yaran duk lafiya lau. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yafe ni, wallahi tunda hankalina ya kwanta jikina ya saki, sai barci.

Ba sai na maimaita muku labari ba, da ku aka yi komai tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ana tsakiyar azumi. Kun san abin da ya hana shi bin motocin da suka kwashe ɗalibanmu zuwa iyakar Masar: suruka a kwance, mata da tsohon ciki.

Wanda zan fara gode wa ba zai ga wannan rubutu ba, ko Hausa ba ya ji. Wani dattijo ne maƙwabcin Auta a Omdurman, garin da ke ƙetaren kogin Nilu daga Khartoum, tsohon soja da ya yi aikinsa a rundunar igwa. Da luguden wuta ya tsananta a unguwarsu, shi ya tara mazan layin ya karantar da su. Ya ce mai harba igwa ba ganinka yake yi ba. Irin wadda ake kira D-30 tana jefa harsashi mai kaurin milimita 122 har nisan kilomita 15, mai ita na can ƙetaren Nilu, lambobi kawai ake karanta masa, ko daga wani da ya hau saman bene, ko daga jirgi maras matuƙi da ke shawagi a kanku. Saboda haka harsashin farko na gwaji ne. In ya faɗi sai a gyara saiti, na biyu ya biyo baya, shi ya sa masu rugawa kallo ko taimako suke yawan mutuwa. Ita kuwa motar roka ta Grad, guda 40 take zazzagowa cikin daƙiƙa 20, ba ta zaɓen gida. Ya ce musu in sun ga sojoji sun girke bindiga kusa da gidajensu sun yi harbi sun tafi, to su shige ɗakin ƙurya, ramuwar a kansu za ta sauka. In kuma a waje abin ya same ka, ka kwanta rub da ciki, kada ka gudu, domin ɓarɓashin ƙarfe sama yake tashi. Dokarsa da kullum yake nanatawa ita ce: bayan na farko, kada kowa ya fito.

Ranar da abin ya faru ina kasuwar Mile 12 a Legas, ana sauke mana albasa. Tun watan Fabrairun 2024 da layukan waya suka ɗauke a can, sai Auta ya taka zuwa wani shago mai Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam, kafin mu ji muryarsa. Muna cikin magana, yana tambayata jikin Inna, sai na ji wata ƙara, sai salati, sai shiru. Na yi ta cewa Auta, Auta, a cikin wayar da ta riga ta mutu. Abokan sana'ata ne suka zaunar da ni a kan buhu, wani ya shafa mini ruwa a fuska. Ban san yadda na isa gida ba, kuma na kasa haɗa ido da Inna.

Sai daga baya muka ji yadda aka yi. Ƙarfe ya shige shi a ƙasan gwiwa, yana kwance a tsakiyar titi jini na zuba, kowa ya ɓuya kamar yadda aka koya musu. Dattijon nan, wanda ya fi kowa sanin na biyu na tafe, shi ya fito. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure cinyar tam, ya ja shi zuwa bayan wata katanga. Ba su gama isa ba na biyun ya sauka. Da ƙura ta lafa ya ɗora shi a amalanken jaki har asibitin Al-Nau, ya zauna a gefensa sai da ya farfaɗo. Ba danginmu ba ne, ba abin da yake nema a wurinmu. Duk sanda na tuna sai hawaye. Ya Allah ka tsare shi da zuriyarsa, ka sa wannan rawani ya yi masa shaida ranar gobe.

A nan Legas, na san wasu ba sa so a faɗa, amma sai na faɗa. Alhajinmu mai canji na bakin tasha, wanda ya nemo hanyar da kuɗi suka riƙa shiga asusun matar Auta na Bankak, wato manhajar banki ta waya da ake amfani da ita a Sudan, bai taɓa cire ko kwabo ba. 'Yan albasa da 'yan tattasai na Mile 12 da suka yi karo-karo aka biya kuɗin mota zuwa Port Sudan da na jirgi. Malam liman da ya riƙa sa mu a alƙunutu. Samarin nan masu sayar da ruwa a kura, da suka ajiye neman abincinsu suka je Igbobi suka ba da jini. Iya mai gidanmu, Bayarabiya, da ta buɗe ɗakin ɗanta ta ce a sa baƙi, ba ta yi zancen haya ba. Hajiya mai tuwo da kwanonta bai yanke a asibiti ba. Likitoci da nas-nas, Allah ya saka da alheri.

Akwai kuma na jini da muka sa ran ko kira ɗaya za mu gani. Wata ƙila hidima ce ta yi musu yawa. Inna dai ta lura, ta yi ta tambaya, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, duk wanda ya taimaka da kuɗi, ko jini, ko addu'a a cikin dare, ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Ka jiƙan surukar Auta da ta cika a can, ka jiƙan dukan waɗanda igwa ta riska a kasuwa da layin ɗibar ruwa da ɗakunan barcinsu. Ka kawo ƙarshen wannan yaƙi, ka mayar da mutanen Sudan gidajensu, ka tsare ƙasarmu da ganin irinsa. Amin summa amin.

Za a yi saukar Alƙur'ani a gida ranar Juma'a bayan La'asar, kowa muna gayyatarsa. Roƙona ɗaya ga masu zuwa dubiya: a gaishe shi a yi masa addu'a, kada a sa shi ba da labari. A kuma riƙa rufe ƙofa a hankali, domin yaran har yanzu ko jirgi ne ya sauko zai sauka Ikeja sai sun shige ƙarƙashin gado.