Ƙanƙarar cikin kofin zoɓo

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina faɗa wa yara cewa ƙanƙarar da ke kan tekun Aktik, can ƙarshen arewacin duniya, ita ce za ta narke ta sa teku ya cika ya batse. Rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, ai ko kofin zoɓo ya cika maƙil, in ƙanƙarar ciki ta narke ba ya malala." Gaskiyarta. A daren nan na koma kan littattafaina.

Ashe ƙanƙarar iri biyu ce, ni kuwa na haɗe su. Ta kan teku ruwan tekun ne ya daskare, a kansa take yawo, ta riga ta ci gurbinta, narkewarta ba ta ƙara masa wani tsayin kirki. Mai cika teku ita ce wadda ke jibge a kan ƙasa, a tsibirin Girinlan na can arewa da nahiyar Antatika ta ƙarshen kudu, inda kaurinta a wasu wurare ya haura kilomita 3. Ta Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, sai teku ya tashi kamar mita 7. Tun 2002 taurarin ɗan'adam na GRACE da waɗanda suka gaje su ke auna nauyinta, kuma sun nuna tana zubar da tan biliyan 200 da ɗoriya duk shekara.

Saura kaɗan in ce wa yaran to ta kan teku ba abin damuwa ba ce. Nan ma da na yi kuskure, kuma wannan ɓangaren ya fi tayar min da hankali. Duk wanda ya sa baƙar riga a bazara ya san bambancinta da fara. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama. In ta janye, sai ruwa mai duhu ya fito fili ya sha zafi, zafin ya ƙara cinye wata ƙanƙarar. Shi ya sa Aktik ke ɗumama ninki uku zuwa huɗu na sauran duniya. Tun 1979 ake sa wa ƙanƙarar tekun Aktik ido daga sama, a Satumbar 2012 kuma ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, mafi ƙaranci da aka taɓa aunawa.

Washegari na shiga aji da roba biyu. Ɗaya na sa ƙanƙara a cikin ruwa, ɗaya na ɗora ta a kan dutsen da ya leƙo sama, muka ja layi da biro. Kafin a kaɗa ƙararrawa ruwan roba ta biyu ya haye layin. Wani yaro da iyayensa ke zaune a Legas ya tambaye ni nawa unguwarsu ta ɗara teku tsayi, muka ɗauko taswira muka duƙa a kai.