Sa hannun da har yau nake jin nauyinsa

Jiya na miƙa makullin ofis, bayan shekara 9 a sashen tabbatar da ingancin aiki na hukumar albarkatun ruwa. Ƙannena da aka ɗauka aiki bana sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce.

A shekarata ta biyu aka ba ni wani tankin ruwa na kankare in sa wa ido. Ƙa'idar kun san ta: daga kankaren da ake zubawa ake ɗibar samfur, a cika 'yan akwatunan nan masu faɗin milimita 150, a jiƙa, a farfasa wasu don auna ƙarfin kankaren a kwana 7, sauran a kwana 28. Ranar zuba bango ban je ba. Oga ya tura ni taro, ya ce, "Kada ka damu, Injiniya, ɗan kwangilar nan namu ne, zai kawo samfurin." Ya kuwa kawo. Sakamako ya fito tsaf, har ya zarce abin da zanen ginin ya nema. Na sa hannu.

Da aka cika tankin don gwajin yoyo, kwana uku ba a yi ba bango ya fara tsattsafo. Aka huda shi aka ciro kankare, aka tarar ƙarfinsa bai kai ko'ina ba. Ashe samfurin a gefe aka kwaɓa shi da wadataccen siminti. Wanda ya shiga bango kuwa ruwa aka tsuga masa don ya bi tsakanin rodi da sauri, kuma kankaren da ya sha ruwa fiye da kima ƙananan ƙofofi yake bari idan ya bushe. Ta nan ruwan ya samu hanya.

Ni kaɗai aka ba takardar tuhuma. A gaban kwamiti Oga ya ce bai tuna ya aike ni ko'ina ba. Ƙarin girma ya tsallake ni har sau biyu, shi kuwa ko gezau. Nawa laifin na amsa, don hannuna ne a takardar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da suka ƙara wata 8 suna jiran ruwa, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Saboda haka duk umarnin da aka ba ku da baki, ku nemi a rubuta, ko da za a ce ba ku da kunya. Samfurin da ba a gabanku aka ɗiba ba, ku ƙi shi. Kada a rufe bututu da ƙasa har mahaɗarsa kafin gwajin matsin ruwa. Ku riƙa duba ranar da aka daidaita na'urorin awo.

Daga baya 'yan kwangila suka sa mini suna Mai Taurin Kai, wasu har ƙarata suka kai sama. Tanki 11 na sa wa hannu bayan wancan, kowanne ina tsaye aka zuba shi, kuma har na fita jiya babu wanda ya yi yoyo.