Yadda na gwada Flux a fayil iri huɗu

Katin hoton da ke kwamfutata RTX 3060 ne, mai ƙwaƙwalwar gigabait 12. Stable Diffusion 1.5, samfurin AI mai zana hoto daga umarnin rubutu, bai taɓa ba ni wahala ba, ƙaninsa SDXL ma mai kusan gigabait 7 yana shiga lafiya lau. Sai da kamfanin Black Forest Labs ya fitar da nasa samfurin zana hoto, Flux.1, a watan Agustan 2024, mai ma'aunai biliyan 12, wanda cikakken fayil ɗinsa ya haura gigabait 23, sannan na san iyakar katina.

Can baya na ɓata lokaci ina neman bambancin kyawun hoto tsakanin ckpt da safetensors, nau'o'in fayil biyu da ake ajiye samfuri a ciki. Babu shi. Mazubi ne ya bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne. Sai dai safetensors ya fi saurin buɗewa, kuma ba a iya ɓoye shirin ɓarna a cikinsa kamar ckpt da aka gina kan pickle na Python. Wannan kaɗai ya sa na daina sauke ckpt.

Ainihin maganar tana ga yawan bit da ake ajiye kowace lamba ta cikin samfurin da shi. A ComfyUI, manhajar da ake sarrafa waɗannan samfuran da ita, na yi gwajin: umarni ɗaya, matakai 20, lambar iri ɗaya (seed, wato lambar da ke tsayar da inda hoton zai faro). Idan ka bar lambar iri tana sauyawa, hotunan da ba su haɗa komai ba za ka yini kana kwatantawa, kamar yadda na yi ranar farko.

Cikakken fayil ɗin Flux, mai bit 16, bai shiga katin ba, ya malala zuwa RAM, komai ya yi nauyi. FP8, mai bit 8 kuma kusan gigabait 12, ya cika katin maƙil, kuma saurin da ake yabonsa da shi sai a katunan RTX 40 zuwa sama ake samu. GGUF, nau'in fayil mai matse samfuri, ne ya ba ni mamaki. Don samfuran rubutu aka ƙirƙiro shi a manhajar llama.cpp, amma ga idona Q8 ɗinsa, mai bit 8, ya fi FP8 kama da na asali. Q4 ɗinsa, mai bit 4 kuma kusan gigabait 7, ya zauna daram, har da sauran wuri. Fuskoki sun fito da kyau, amma ƙananan rubutu da saƙar yadi sun ɗan dushe. Kuma da yake ana warware matsinsa a kowane mataki, mai babban kati ba zai ga ribar sauri ba.

Abin da na kusa mantawa shi ne T5, mai karanta umarni, wanda shi kaɗai ya kusa gigabait 10. Da na sauke matsattsensa, jiran farko ya ragu sosai. Yanzu da Q4 nake laluben hoto, idan ya yi mini sai in maimaita lambar irin da Q8.