Aikin da aka bari a tudu ya bi mu cikin teku

Ni ɗan Tawa ne, kuma kafin in shiga aikin mai, babban ruwan da na sani shi ne tafkin Tabalak. Sai ga ni a tekun Gini, kwana 28 a kan ruwa, 28 a gida, ina aiki a jirgin da ke karɓar ɗanyen mai daga rijiyoyin ƙarƙashin teku, ya raba shi da ruwa da gas, ya ajiye har jirgin dako ya zo. Satin farko amai kawai na yi. Wannan ba abin faɗa ba ne a fada.

Aikin haɗa jirgin na gaggawa ne. Ana zane, ana sayen kaya, ana ƙira, duk a lokaci guda, don mai ya fito da wuri masu kuɗi su soma maida jarinsu. Da ranar tashi ta matso, jirgin ya baro tashar da aka haɗa shi da ragowar ayyuka cike da takardu, aka ce a ƙarasa a teku. A nan muka sha wuya. A tudu in kana son masu walda goma, gobe ka gan su. A teku gadon kwana a ƙirge yake, kujerar jirgi mai saukar ungulu ma haka, ƙusa ɗaya in ta ɓace sai ka jira jirgin kaya. In kuma igiyar ruwa ta tashi, na'urar ɗaga kaya ta tsaya, kowa ya zauna yana kallon kowa, kuɗin hayar jirage na ta tafiya.

Kafin a saki mai, ana cika bututu da iskar naitirojin mai ɗan hiliyam, kashi 1 cikin 100, a naɗe kowace mahaɗa da salatif, a huda, a sa bakin na'ura ta shinshina, don a gano inda ke yoyo. Akwai layin bututu ɗaya da na sa wa hannu cewa an ɗaure shi daidai, alhali shugaban leburori ne ya faɗa mini, ni ban hau na gani ba. Tsani uku ne, ga rana, ga takardu sun yi mini yawa. Da aka zo kansa na'ura ta kama kuka. Aka sauke iska, aka kwance, sai ga robar wucin gadi a maimakon zoben ƙarfen da ya kamata. Kwana biyu suka tafi.

Maigidana, wani dattijo Bakatsine, bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Ƙanena, ka san Piper Alpha?" Wani dandalin haƙar mai ne a tekun Arewa na Turai, abin ya faru ranar 6 ga Yuli 1988. An cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, labarin bai kai ga masu aikin dare ba, suka tada famfon, gas ya fita, wuta ta tashi. Mutum 167 suka mutu. Ya miƙo mini wani ɗan madubi mai sanda, irin na leƙa ƙarƙashin mahaɗa, ya tashi ya tafi sallah.

Tun daga nan, in aka ce mini "an gama," sai in ce mu je. Wasu na jin haushi, suna ganin ban yarda da su ba. Na fi son haushinsu.

Yanzu ina Yamai. Tun da aka soma loda man Agadem a tekun Seme ta ƙasar Benin a 2024, bayan ya bi bututu na kusan kilomita 2,000, yaranmu sun fara tambayar aikin teku da gaske. Jiya ɗan yayata, mai karatu a EMIG, makarantar koyon aikin ma'adinai ta Yamai, ya same ni muna shan shayi, ya ce, "Kawu, wane littafi zan fara da shi?" Na shiga ɗaki na ɗauko masa madubin. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Wannan na mene ne?"