Ranar da na sa mutanen Agege jiran duhu

Jiya Asabar na miƙa makullin ɗan ɗakin nan da muke ɗaukar shiri a ciki, na kwashi littafina da kofin shayina na fito. Shekara huɗu da 'yan watanni kenan ina gabatar da shirin daren Lahadi, masu bin mu a Facebook sun san shi ba sai na tsaya bayani ba, hira ce kawai ta abun da ke faruwa a gari da ɗan abun mamaki na kimiyya, mu yi dariya mu watse. Tunda na sanar zan tafi mutane ke ta tambayata ko faɗa muka yi da Oga. Ba mu yi faɗa ba. Amma akwai abun da ya tsaya min a wuya tun azumin 2024, yau dai zan faɗe shi.

Shirin nan na so shi wallahi. Ni na kawo shawararshi, sabida na lura 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun gaji da labarin kashe-kashe da tsadar mai, suna son abun da zai ɗan sanyaya musu rai. Ranar da muka yi maganar me yasa albasa ke sa hawaye, 'yan albasar Mile 12 ne suka cika mana waya, na faɗa musu in ka yanka ta wani sinadari mai ɗauke da farar wuta ne ke tashi ya taɓa ido, idon kuma ya kawo ruwa don ya wanke kanshi, wani ɗan Aliero ya kira yace shi shekara ashirin yana kuka bai san dalili ba. Haka muka yi na shan ruwa, me yasa ɗan Maiduguri ke riga mu buɗe baki da kusan minti 40, ɗan Kano da kusan 20, na ce ai duniya juyawa take daga yamma zuwa gabas, duk digiri ɗaya minti 4 ne, mu kuma Legas muna can ƙuryar yamma. Har yau in azumi ya zo sai an turo min wannan bidiyon.

Wanda ya fi ɗaga shirin shi ne na labarin 14 ga Maris 2024, ranar da intanet ya lalace, manhajojin banki suka ƙi buɗewa, masu POS suka zauna zugum. Kowa na zargin gwamnati. Na zauna na bi labarin, ashe manyan wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku ne suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwadebuwa, su ne ke ɗauko mana intanet daga Turai. Da na yi bayani a shirin Lahadi mutane suka yi ta mamaki wai ashe abun ba ta sama yake zuwa ba, ta ƙarƙashin ruwa yake bi. Daga ranar duk abun da na faɗa sai a ce ai Malam ya faɗa. Wannan yardar ce ta sa abun da ya biyo baya ya yi min ciwo haka.

Sati uku bayan nan, Lahadi 7 ga Afrilu, saura kaman minti ashirin mu shiga shiri, Oga ya kira ni yace ya turo min wani saƙo a WhatsApp in buɗe shirin da shi. Saƙon na cewa gobe Litinin za a yi kusufin rana, gari zai yi duhu ɗum wajen ƙarfe biyu saura, a tsare yara a gida. Ni na san da maganar kusufin, amma abun da na karanta na Meksiko da Amurka da Kanada ne. Na ce mishi ranka ya daɗe, anya wannan lokacin ba agogon Amurka ba ne, a ba ni zuwa gobe da safe in tabbatar. Yace kai dai ka cika tsoro, kowa ya saka sai mu za a bari a baya, rana ai guda ɗaya ce a duniya, in ta yi duhu a can ta yi a nan. Na ce toh.

Wannan "toh" ɗin ita ce laifina, ba zan ɗora wa kowa ba. Waya na hannuna, data akwai, minti biyar ya isa in duba taswirar inda inuwar za ta bi. Ban duba ba. Na shiga na karanta da muryar nan da suka saba yarda da ita, har na ƙara da cewa kar a kalli rana da ido kai tsaye, wanda shi kaɗai ne gaskiya a cikin maganar.

Litinin 29 ga Ramadan, kwana biyu kafin salla, kun san yadda kasuwa take a irin ranar. Wajen sha biyu na fito bakin titi na ga wasu sun fara rufe rumfa. Wani limamin ƙaramin masallaci a layinmu ya ce wa mutane su zauna da alwala don sallar kusufi. Matar maƙwabcina ta hana yara zuwa karɓo ɗinkin salla wajen tela. Ƙarfe ɗaya da rabi, biyu, biyu da rabi, rana na nan ƙwal tana dukan mutane da ƙishirwar azumi, ko gajimare bai gifta ba. Ina tsaye ƙarƙashin gadar Pen Cinema ina kallon sama ina kallon waya, saƙonni na shigowa kaman ruwa, wani yace Allah ya isa cinikin da ya rasa, wani yace dama 'yan boko haka suke. Sai a lokacin na buɗe taswirar. Inuwar wata siririya ce, faɗinta bai kai kilomita 200 ba, ta shiga ta Mazatlan a Meksiko ta ratsa Texas ta fita ta gabashin Kanada. A Dallas duhun ya sauka ƙarfe 1:40 na rana agogonsu, wanda a nan 7:40 na dare ne, mun riga mun sha ruwa rana ta daɗe da faɗuwa. Najeriya gaba ɗaya babu wanda ya gani.

Washegari Oga ya saka sanarwa a shafi, wai "wani ma'aikacinmu" ya yaɗa labari ba tare da izinin hukumar gidan ba, an dakatar da shi sati biyu. Na buɗe WhatsApp in nuna mishi saƙon, ya riga ya goge. Na same shi a ofis na ce Alhaji kai fa ka turo min, ya kalle ni ido cikin ido yace ai turo maka na yi ka bincika, ba kai ne masanin ba. Ya zaftare rabin albashina ana gobe salla. A shekarar ban je gida ba, kuɗin motar da na tara shi na tura aka yi wa yara ɗinki, na yi sallar Laraba ni kaɗai a ɗaki. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, yadda ya faɗi maganar ko ƙifta ido bai yi ba, shi ne har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Akwai wani dattijo mai goro kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, mutumin Zamfara ne, baya rasa shirina. An ce min ya rufe teburinshi tun sha ɗaya ranar. Bayan salla na cire kunya na je na durƙusa na ce Baba na zo neman gafara. Ya daɗe yana jera goro a kan ganye yana yayyafa musu ruwa kafin yace ɗana tashi, ni na san kusufi, ban rufe don tsoro ba, so nake in sake gani kafin in mutu. Sai ya ba ni labarin na 29 ga Maris 2006, yana Gusau lokacin, da hantsi gari ya fara yin wani irin haske kaman na la'asar sakaliya, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, sai ga duhu da taurari, mutane na ta salati masallatai suka cika. Yace minti uku da wani abu ne amma bai taɓa jin ƙanƙantar kanshi kaman ranar ba. Sannan yace kai kuma da ka ji zuciyarka bata kwanta ba me yasa ka faɗa. Ban da amsa. Ya ba ni goro biyu fari da ja.

Da na dawo aiki shirin farko na kusufi na yi, ba wanda ya sa ni. Na zo da tocila da lemo da goro ɗaya daga na Baba, tocila rana, lemo duniya, goro wata, na nuna yadda inuwar goron ke sauka a ɗan wuri kaɗan a jikin lemon, sauran jikin kuma haske. Na yi bayanin cewa rana ta fi wata faɗi sau kusan 400, ta kuma fi shi nisa da mu sau kusan 400, shi yasa yake iya rufe ta daidai, ikon Allah. Hanyar wata ta ɗan karkace da digiri 5, ba don haka ba da duk ƙarshen wata sai an yi kusufi. Kuma kusufin rana baya faruwa sai wata ya zo tsakaninmu da rana, shi yasa ma daren Litinin ɗin ba a ga jinjirin wata ba, fadar Sarkin Musulmi ta sanar a cika azumi talatin. Na tuna musu ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufi, ya faɗa wa sahabbai rana da wata ayoyin Allah ne, basa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarshi. A ƙarshe na ba da haƙuri da bakina, ban ambaci Oga ba.

7 ga Satumba 2025 kuwa da za a yi husufin wata, kwana uku na yi ina lissafin lokaci, na ce musu zai fito ne da magariba a kame, ja-ja, in hadari bai rufe ba a duba gabas. Daga saman benen da nake haya na hango shi tsakanin gajimare, yaran layi suna ta buga gwangwani wai rana ta kama wata. Oga ya saka a shafi cewa gidanmu ne ya fara sanarwa. Sunana bai fito ba.

Ga wanda zai gaje ni, duk umarnin da aka ba ka ta baki ka ce a rubuto, in an rubuto ka ɗauki hotonshi nan take. Kar ka sa kuɗinka a data ko man janareto da sunan za a biya ka ƙarshen wata. In ka ga lokaci a labarin waje ka tambayi agogon wace ƙasa ce. Ka girmama masu kira ko da tambayar ta yi maka kaman ta yara, da yawansu basu samu zama a aji ba amma sun fi mu lura da sama.

Litinin zan fara zama a rumfar yayana a Mile 12, lissafin buhunan albasa zan riƙe mishi. Da na je yi wa Baba mai goro sallama na faɗa mishi akwai wani babban kusufi ranar 2 ga Agusta 2027, inuwar za ta bi ta Masar ta sauka Jidda da Makka, a Luxor duhun zai wuce minti shida. Yace ka duba da kyau dai ko. Na ce Baba sau uku na duba. Ya sa na rubuta mishi ranar a bayan littafin bashinshi, yace zai fara tarin kuɗin Umara.