Ƙaramin Inji a Gefen Babba

Shagona yana bakin ruwa a Yawuri, ni da yara masu koyon aiki, sai wani kafinta da muke kira in aikin katako ya taso. Gyaran injin jirgi muke yi, yawanci Yamaha mai ƙarfin doki 40 da mai doki 15, don su ne suka cika ruwan nan tun daga Zamare da Rofiya har Wara. Bayan wankin kafireto da canjin farfela, aikin da ya fi shigo mana yanzu shi ne ɗaura wa jirgi inji na biyu, wanda matuƙa ke kira safaya.

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kogin Neja ya buɗe ya zama tafki, akwai inda faɗinsa ya haura kilomita 20. Filafili da gora suna fid da mutum in yana kusa da gaɓa. Amma inji ya mutu a tsakiya, ga buhunan albasa, ga hadari ya haɗo daga gabas, nan take jirgi zai juya ya ba igiyar ruwa gefensa, daga nan ruwa ke fara shiga. Aikin safaya ke nan, ya riƙe kan jirgi yana fuskantar iska, ya lallaɓa da shi har gaɓa. Ba a nemansa da gudu, doki 15 ya wadatar.

Masu jirgi da yawa sun saya, sai dai a kwance yake cikin jirgi, an rufe shi da tamfol. Wani dattijo ya ce mini, "Oga, ai ga shi nan, in ta ɓaci sai mu ɗaura." Na ce, "Baba, a gafarce ni, injin nan ya kusa kilo 40. Wa zai ɗaga shi ya leƙa bayan jirgi yana ɗaure ƙusoshi, jirgi na tangaɗi, fasinja na salati?" Wanda bai riga ya zauna a mazauninsa ba, kaya ne kawai.

Jiragenmu na katako bayansu siriri ne, babban inji ya cinye tsakiya. Don haka muke yi wa ƙaramin mazauni nasa a gefe, da katakon maɗaci mai kaurin inci 2. Kafin komai nakan soka bakin sukudireba a katakon baya. In ya nutse kamar an soka shi a dafaffen rogo, sai an canza katakon tukuna, ko ran mai jirgi zai ɓaci. Ba ma amfani da ƙusar kafinta. Noti muke sa wa ya huda ya fita ta ciki, da faifan ƙarfe a baya don kada ya ci katako. Sannan a murɗa injinan biyu dama da hagu har ƙarshe, a tabbatar farfelar wannan ba ta kai ga ƙafar wancan. Tankin ƙaramin kuma a ajiye shi ɗaya gefen, saboda kada jirgi ya karkata.

Inda aikin yake da wuya shi ne tsayi. Ƙafar inji iri biyu ce a wajenmu, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela, shi ya kamata ya zauna ƙasa kaɗan da gindin jirgi. In mazauni ya yi sama, duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgi sai farfela ta sha iska, inji ya yi ta ihu ba tafiya. Mafi muni, ramukan da yake zuƙar ruwan sanyaya kansa su fito waje, robar da ke tura ruwan ta ƙone, ita kuwa ba ta jure ko minti ɗaya a bushe. In ya yi ƙasa da yawa, ruwa ya riƙa fantsamar kan inji idan an yi lodi. Shi ya sa nake auna jirgi sau biyu, yana wofi da kuma ɗauke da kaya. Masu gaggawa ba sa son wannan, amma ba na huda katako sai na ga duka biyun.

Ƙusoshi biyu na murɗawa da hannu da ke riƙe inji a mazauninsa kuwa, girgiza tana sassauta su a hankali, musamman da yake ƙaramin a ɗage yake tafiya yana rawa duk tsawon hanya. Muna ɗaure hannayensu da waya, mu ƙara sarƙa daga jikin inji zuwa ƙashin jirgi. Sarƙar tana rage wa ɓarayin dare sauƙin aiki ma.

Sai maganar mai, inda muka fi samun gardama. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ƙididdigar lita yake, sai ka ji an ce a ja tiyo daga babban tanki a huta. Ba na yarda. Yawancin injinan da ake jawo mana sun mutu a ruwa, fetur ɗin jarka ne mai ruwa ko datti a ƙasa ya kashe su. Abin da ya kashe babba shi zai kashe ƙarami in daga tanki ɗaya suke sha. Nasa daban, tiyonsa daban, a tace man da ƙyalle mai tsabta, a gauraya rabin lita na man inji cikin lita 25. Kuma a riƙa tayar da shi duk ranar kasuwa, don fetur in ya daɗe a kafireto danƙo yake zama.

Wasu suna ganin da inji biyu sun samu lasisin ƙara lodi. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutum fiye da 100 a ciki, inji goma ma da ba su cece shi ba. Safaya ba ya maganin lodi, ba ya maganin tafiyar dare, ba ya maye gurbin rigar ruwan da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa, ke ta faɗa a sa.

Ba na karɓar cikon kuɗina a tudu. Mukan fita da jirgin har inda gora ba ta taɓa ƙasa, in kashe babban inji, in ce yaron jirgin ya sauke ƙaramin ya ja igiya da kansa. Ina kallon fitsarin inji, wannan siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, ina kallon ko noti ya motsa. In ya wuce ja uku bai tashi ba, mu koma shago a sake buɗe kafireto.