Rufe Kwamin Ninƙaya Kafin Ƙanƙara Ta Sauka

A tsakiyar jihar Ohayo ta Amurka, inda ƙaramin kamfaninmu ke kula da kwamin ninƙaya na bayan gidajen mutane, aikin shekara kashi uku ne: buɗewa a Afrilu da Mayu, sharewa da gwajin ruwa a watannin zafi, sai rufewa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Rufewar ce ta fi ɗaukar hankalinmu, domin duk ha'incin da aka yi a cikinta ba ya bayyana sai bayan wata shida, ranar da aka yaye murfi aka tada inji.

Tushen matsalar guda ne. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma duk wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya ga abin da hakan ke yi. Ruwan da ke cikin kwamin yana da sararin da zai kumbura zuwa sama. Wanda ya maƙale a cikin bututu, ko a tumbin injin jan ruwa, ko a hita mai ɗumama ruwan, shi ne ba shi da mafita sai ya tsaga abin da ya riƙe shi. A yankin Kolombos, babban birnin jihar, dokar gini tana lissafin cewa daskarewa na iya ratsa ƙasa har zurfin inci 32, alhali bututun kwami da yawa ba a binne su haka ba. Idan ɗaya ya tsage a ƙarƙashin daɓen siminti, sai an fasa daɓen kafin a kai gare shi, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin rufewa sau da yawa.

Masu gida da dama suna so a rufe da zarar an wuce hutun ma'aikata na Litinin ɗin farko a Satumba, tunda yara sun koma makaranta. Shawararmu kullum ita ce a dakata har ɗumin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 18 na Salshiyos ya zauna a nan, in ya kai 15 ma ya fi. Ruwa mai ɗumi a ƙarƙashin murfi yana cinye kulorin cikin 'yan makonni, gansakuka ta samu fili, a zo buɗewa a tarar da ruwa kore shar. Amma gidan da ke da manyan itatuwa a gefen kwami ba ya jure dogon jira, saboda ganyen kaka idan ya nutse ya kwana a ƙasa yana barin tabo a jikin filasta.

Kwana uku zuwa biyar kafin ranar rufewa muke zuwa gyaran ruwa. A kwashe ganye da raga, a goge bango da buroshi, a zuƙe dattin ƙasa, sannan a gwada. Ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, muna so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, alkaliniti, wato sinadaran da ke hana pH ɗin saurin sauyawa, tsakanin kashi 80 da 120 cikin miliyan, kalsiyom kuma tsakanin 200 da 400 ga kwamin filasta. Ruwan da kalsiyom ya yi masa ƙaranci yakan ci filastar ya bar ta da kaushi, wanda ya yi masa yawa kuma ya bar farin ɓawo a jikin tayil. Daga nan sai kulorin mai yawa a tashi ɗaya. Kwami mai faɗin ƙafa 16 da tsawon ƙafa 32 yana ɗaukar wajen galan 20,000, kuma galan biyu na ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 12.5 ya ishe shi. A zuba da yamma, inji yana juyawa har gari ya waye. Maganin gansakuka sai ranar rufewa, bayan kulorin ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin miliyan, don idan aka haɗa su lokaci guda kulorin ne zai kashe ƙarfin maganin, an yi asarar kuɗi ke nan. Ƙwayoyin kulorin kuwa ba ma barin ko ɗaya yana yawo a ruwan da ba ya motsi. Inda ya tsaya, nan zai koɗe ledar kwamin.

Rage ruwa ya danganta da irin murfin. Mai raga, wanda ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara ke ratsawa, muna sauke ruwa inci 12 zuwa 18 ƙasa da bakin sikima, wato akwatin nan na jikin bango da ke zuƙe ruwan saman kwami. Murfin tamfol kuwa inci 3 zuwa 6 ya isa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne kwashe ruwan duka. Nauyinsa ne ke danne kwamin. Idan aka zubar, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya ɗago kwamin faiba ko na siminti ya karkace, na leda kuma ledar ta motse ta yage.

Busar da bututu shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne mai gaggawa ke cutar mai gida ba tare da an gani ba. Iska mai yawa ake buƙata, marar matsi. Shi ya sa muke amfani da bulowa, wato na'urar hura iska, ta musamman maimakon kwamfiresa, domin matsi mai ƙarfi na iya ɓalle mahaɗar bututu ko ya fasa murfin filta, kuma murfin filta idan ya tashi yana iya raunata mutum. Mutum biyu ne ke yi, ɗaya wajen inji yana juya bawul, ɗaya a bakin kwami. Ana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Layin sikima a hura shi har ruwan ya ƙare ya koma feshi, feshin ma ya ɗauke, sannan a ɗaura masa Gizzmo, wata doguwar gorar roba mai zare wadda ke toshe ramin, kuma idan ruwan sama ya taru a akwatin ya daskare ita ce za ta matse maimakon akwatin ya fashe. Ramukan da ke mayar da ruwa cikin kwami a fara cire musu kawunansu, a hura, a fara toshe mafi kusa da inji, a ƙare da mafi nisa. Ana sa matoshin ne iska tana kan fita, ba bayan an kashe bulowa ba, in ba haka ba ruwa ya koma. Bayan an ɗaure a tsaya a duba minti guda. Ƙananan kumfa a gefen matoshi na nufin robarsa ta tsufa, a canza shi nan take, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Magudanar da ke can ƙasan kwami ba ta toshuwa da hannu. Ita ana hura ta har a ga ruwa yana tafasa da kumfa daga ƙasa na kamar rabin minti, sai a rufe bawul ɗinta da sauri, iskar da aka kulle a ciki ta hana ruwa hawowa. Layin da muke shakkar yana da lanƙwasa mai riƙe ruwa muna zuba masa ruwan hana daskarewa na kwami, mai furofilin gilaikol, galan ɗaya ga kowace ƙafa 10 ta bututu mai inci ɗaya da rabi. Na mota haramun ne a nan. Itilin gilaikol ne a cikinsa, guba ne ga yara da dabbobi, kuma duk abin da aka zuba a bututu cikin kwami zai ƙare.

Wajen injuna, a fara kashe wuta daga babban makunni, kada agogon inji ya tada shi babu ruwa ya ƙone. Injin jan ruwa yawanci matoshi biyu gare shi a ƙasa, filta ɗaya, hita kuma nata suna jikin mahaɗar da ruwa ke shiga. A kwance su duka, a rufe gas ɗin hita, a hura ta ita ma, domin bututun tagullar da ke cikinta yana riƙe ruwa ko an buɗe matoshi, kuma shi ne mafi tsada a duk kayan. Filtar yashi a wanke ta ta baya, a bar hannun bawul ɗinta a ɗage tsakanin matsayi biyu don ruwa ya samu hanya. A cire gejin auna matsi, a cire na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri idan akwai, a kai su cikin gida. Matosan duka muna zuba su a kwandon inji mu mayar da murfi, don wanda zai buɗe ya same su wuri guda. Ba ma naɗe hita da leda, tana tara laima da tsatsa, ɓeraye kuma su samu ɗaki su ci wayoyi.

Murfi iri biyu ne, kuma ba ma ɓoye wanda muka fi so. Mai raga ana ɗaure shi da sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya dawo, a ƙusoshin tagulla da aka kafa a daɓe, kuma idan ya cika ƙa'idar ingancin murfin kwami ta Amurka mai suna ASTM F1346 yana ɗaukar nauyin yaron da ya taka shi. Tamfol ya fi araha, amma ruwa na taruwa a kansa, kuma yaro ko kare da ya faɗa zai naɗe shi. Gidan da ke da ƙananan yara muna gaya musu wannan ƙarara. Wanda ya zaɓi tamfol, da jakunkunan ruwa ake danne gefensa, a cika su kashi biyu cikin uku don su samu wajen kumbura. Bulo ko dutse ba su dace ba, iska na iya jan su ciki su huda leda.

Ko bayan rufewa muna leƙawa sau biyu ko uku. A zuƙe ruwan da ya taru kan tamfol da ƙaramin famfo, a duba sifirin da ya saki, a ɗaga gefen murfi a ga inda ruwa ya tsaya. Idan ya hau har tayil a rage shi kafin ya daskare ya ɓamɓare su. Idan kuwa ya sauka fiye da inda aka bar shi, akwai yoyo, kuma murfin ya rasa abin da zai tallafe shi idan dusar ƙanƙara ta yi nauyi, sai a ƙara ruwa a rubuta a takardar gidan don a nemo yoyon a Afrilu. Ƙanƙarar da ta rufe saman ruwa kuwa muna roƙon masu gida kada su fasa ta da shebur, gefenta na da kaifin da zai yanka leda.